Wutar Ramin Gafiya

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Zango, manomi, mai fara'a, mai kyauta. Ba za a faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Abu ɗaya ya fi ƙarfinsa, farauta. Ba yunwa ke kai shi ba, nishaɗi ne. Da an gama yankan gero sai ya saɓa gora ya faɗa gandun dajin da ke bayan gonarsa, inda shanu ke kiwo, zabi da zomaye ke fakewa.

Ya 'yan uwa, dajin nan na kowa ne. Abin kowa kuwa amana ne.

Mafarauta na da ƙa'ida tun kakanni. In za ka yi wa gafiya hayaƙi, ka share ciyawar bakin rami. In ka gama, ka binne wutar da ƙasa, ka taka. Sarkin Baka Abdulbaƙi, tsohon da ya koya masa dawa, ya sha gaya masa. Sai ya yi dariya, wai tsufa ya sa Baba tsoron toka. Tsohon ya ce, "Ɗana, wuta ba ta san wanda ya hura ta ba."

Wata Laraba da hantsi ya sami ramin gafiya. Ya cusa kara, ya ƙyasta ashana, bai share komai ba. Zomo ya gilma, ya bi shi a guje, ya bar wuta a baya.

Wa ya aike shi?

Iska ta juya. Kafin azahar ciyawar da shanu za su ci har rani ta ƙone ƙurmus. Wutar ba ta tsaya ba sai a gonarsa, inda dammunan geronsa ke jiran amalanke. Matarsa Murjanatu ta kawo masa fura, ta iske shi zaune cikin toka.

Gafiyar kuwa ta fice ta ɗaya ramin.

Mutanen gari ba su yar da shi ba, don suna sonsa. Kowa ya kawo dami. Na farko daga rumbun Sarkin Baka ya fito, tsohon ya ajiye, ya tafi. Mai ciyar da baƙi ya shekara yana cin sadaka.

Amma wa zai kai wa shanu dami? Wa zai kai wa zabi? Makiyaya suka tashi, nono ya yanke a ƙauyen.

'Ya'yana, ku shiga daji, ba a hana ku ba. Amma ku bar shi yadda kuka same shi. Mai shi yana gani, kuma zai tambaya.

Allah ya yafe masa. Allah ya kiyaye mu da wutar da muka hura da hannunmu.