Tandar Tabawa da Kujerar Ciyaman

An yi wani ciyaman, Alhaji Ɗanliti, da ya kafa doka cewa unguwa wurin kwana ce kawai, duk mai sana'a ya koma sabuwar kasuwa can bayan gari. Tabawa mai waina ta yi kunnen uwar shegu, ta ci gaba da suyarta a ƙofar gida. Sai aka kira ta zauren gidansa, inda yake sauraron jama'a kullum da safe.

Ya ce, "Tabawa, yau ki kwashe tandarki. Amma wainata ta safe ta riƙa isowa da zafinta, in ba haka ba na soke sana'ar."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, daga bayan gari? Tafiyar awa guda ce fa!"

"Ke ta shafa."

Tabawa ta gyara mayafi. "To wannan maganar da kake yi mini, aiki ne ko hira?"

"Hira? Aikin hukuma nake yi!"

"A nan cikin unguwa? Ashe mu biyu ne masu laifi. Ɗauki kujerarka, in ɗauki tandata, mu rankaya bayan gari."

Ciyaman ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya. "To... hira ce."

"Alhamdu lillahi. Hira ai ba ta tayar da tanda."

Zaure ya kwashe da dariya. Ciyaman ya murtuke fuska, ya ce za a sake duba dokar.

Tabawa ta miƙe. "A duba ta a tsanake, ranka ya daɗe. Ni dai bari in koma, wainarka tana kan wuta."