Yaren da Jamaluddeen Kaɗai Ya Iya

Akwai wani saurayi a Malali mai suna Jamaluddeen, shi da ƙanwarsa Lubna sana'arsu rubuta manhaja. Wata makaranta ta ba su aiki, su gina shafin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu a waya. In ya yi kyau, an riƙe su ke nan.

Sai gardama ta kaure a kan yaren kwamfutar da za su gina cikin shafin da shi, can inda ake ajiye sunaye da maki.

Lubna ta ce, "Yaya, mu yi da Python. Na iya, ka iya, ko a Kawo ba a rasa mai gyarawa."

"Python ai tafiyar amalanke ce, 'yar ƙauye. Yaren Go ya fi sauri, ko iyaye sun yi masa rubdugu ba ya nishi."

"Na yarda ya fi sauri. To koya min mana."

"Ke dai zaɓi kalar shafi."

Haka ya rubuta abinsa shi kaɗai. In ta leƙo, ya karkatar da kwamfutar.

Ranar sakin sakamako, taifod ta kwantar da shi a asibiti, ana ƙara masa ruwa. Shafi kuwa ya tsaya cak.

Malam Datti, shugaban makarantar, kira yake yana ƙarawa. "Lubna, iyaye sun cika min ofis."

Ta buɗe rubutun yayanta. Ta taɓa nan, can ya lalace. Ta kira abokan karatunta, kowa ya ce shi Python ya sani. Ta rungumi kwamfutar, ta tari Keke Napep zuwa asibiti, ta durƙusa a bakin gado.

"Yaya, nuna min ko da yatsa ne."

Ya buɗe ido ya dubi allon. Hannun ya ƙi ɗaguwa.

Da la'asar malamai suka raba sakamako a takarda.

Da bakinsa ya buɗe, tambayarsa ta farko ita ce, "Shafin ya ɗauke iyayen duka?"

Ta gyara masa filo. "An ba wasu aikin."

Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Jawo kujera in koya miki."

Ta jawo. "Mu gyara na wa kuma, Yaya?"

Darasi: Kayan aiki komai kyansa, in kai kaɗai ka iya riƙe shi, ranar da ka kwanta shi ma ya kwanta. Ka koya wa na kusa da kai tun kana tsaye da ƙafarka. Ku tura wa masu ɓoye iyawarsu, su ji da kunnensu.