Ranar da Wanzami Tanimu Ya Ƙi Cire Beli

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba zan faɗi garin ba, kada wani ya ce da kakansa nake. Wanzami ne, sunansa Tanimu. Shekara arba'in yana aski, yana ƙaho, yana cire wa jarirai beli. Babu gidan da zabirarsa ba ta shiga ba.

To, ku saurara. Wata shekara asibitin garin ya kira wanzamai, za a koya musu ciwon jarirai. Abokan sana'arsa suka ce, "Yaran da muka yi wa kaciya ne za su koya mana?" Tanimu dai ya je. Tsoho da furfura, ya zauna a benci kamar ɗan firamare. Aka nuna musu shawarar jarirai: ido ya yi rawaya, yaro ya ƙi nono, ya yi ta barci. In ta hau kai, ko ta kashe, ko ta bar yaro kurma. Amma yanzu da ɗigon jini ake gane ƙarfinta, kuma akwai wata shuɗiyar fitila da ke maganinta in an zo da wuri. Ranar Tanimu bai iya cin tuwo ba. Ya tuna yara, jama'a. Ya tuna yara da yawa.

Ba a daɗe ba aka haihu a gidan wani magini, Mamuda. Kwana uku aka kira Tanimu. Uwar Mamuda, Inna Delu, ta miƙo masa jinjirin.

"Ga maigidan nawa, tun jiya ya ƙi nono. Beli ne, cire masa mu huta."

Tanimu ya fito da shi haske, ya buɗe idon, ya danna goshin da yatsa. Rawaya kamar an shafa gangamau. Ya mayar da ƙarfensa zabira.

"Inna, wannan ba aikina ba ne. Shawara ce. A kai shi asibiti kafin azahar."

"Da ɗanyen jego za a fita? Kai ka cire wa ubansa, kai ka cire wa wansa. Yau kuma hannunka ya mutu?"

Wan jinjirin da ta ambata, shekara biyu baya, kwana shida ya yi a duniya. Tanimu ya san in ya yi shiru a kan wannan, tsohuwa ba za ta motsa ba. In ya yi magana kuwa, mutuncin shekara arba'in ya zube. Ku da kuke zaune, wanne za ku zaɓa?

Ya sunkuyar da kai. "Inna, wansa ma haka idonsa yake. Na gani, na ce beli ne, na yanka. Kwana na Allah ne, amma ni ban sani ba, kuma ban ce ban sani ba. Ku yafe mini, kada ku sa in maimaita."

Maijego ta fashe da kuka a ɗaki. Mamuda ya fita ya tayar da babur.

A asibiti aka ɗebi jini a diddigen yaro. Likita ya ce da an ƙara kwana guda, da labari ya sha bamban. Aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitilar kwana uku. Ya kama nono, aka sallamo su.

Gari kuwa ya ɗauka, wai Tanimu da bakinsa ya ce ya kashe yaro. Gidaje suka fara neman wani wanzamin. Bai kare kansa ba. Sai ranar suna Inna Delu ta aika a kira shi.

"Aski kawai za ka yi wa maigidana. Sauran ƙarafan su yi zamansu a zabira."

"Inna, ni ma haka na fi so."

Ya yi askin yana share hawaye da kafaɗa. Wallahi ina son tsohon nan.

'Yan uwa, faɗin "ban sani ba" ba faɗuwa ba ce, amana ce. Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, shi ya sanar da likita abin da kakanninmu ba su sani ba. Kai uba, ke kaka, in jariri ya sauya, kada ku tsaya kare abin da kuka saba. Mutunci in ya zube ana iya kwashewa. Rai ba a kwashe shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kanmu.