Wutar Gidan Iya Yakura

An ce a zamanin da, tun ana ciniki da kuɗin wuri, akwai wani birni da hanyoyin fatake suka haɗu a bakin ƙofarsa. Masu kanwa daga gabas, masu goro daga kudu, masu gishiri daga arewa, kowa nan yake sauke kaya. Sarkin birnin mutum ne mai tausayin talakawa ƙwarai, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa, in abu ya sosa masa rai ba ya iya barinsa sai gobe. Wazirinsa Cindo kuwa ya fi son ya tauna magana kafin ya haɗiye, har fadawa kan ce in ka yi masa tambaya da safe, ka je ka ci abincin rana tukuna ka dawo.

Da fari fatake kan sauka a gidajen masu masauki, su sayar da hajarsu, su kama hanya. Sannu a hankali manyan cikinsu suka ga ai gara su mallaki gidajen kansu. Wannan ya sayi ɗaya, wancan ya sayi uku, duk abin da mai gida ya yanka sai su biya ba tayi. Ba zama suke yi a ciki ba. Su zo da rani su jibge kaya, da an ga hadarin farko su garƙame ƙofa su tafi, sai kuma baɗi.

Kafin a ankara gida ya fi ƙarfin ɗan gari. Masaƙi ya yi shekaru yana tari, ranar da ya je wajen dillali sai a yi masa dariya. Saurayi ya yi aure ya rasa inda zai sa amarya, sai a kafa musu zana a tsakar gidan ubansa. Waɗansu suka fita bayan ganuwa suka yi bukkoki, kuraye na ɗauke musu awaki. Ga kuma gidajen nan a kulle, ba mai yi musu yaɓe, damina ta zo katangarsu ta faɗa kan ta maƙwabci.

Da kuka ya yi yawa, Sarki ya tara fada ya ce, "Daga yau baƙo ba zai sayi gida a birnin nan ba. Wanda ya riga ya saya kuma, ya sayar wa ɗan ƙasa kafin kaka."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki! Allah ya ja zamaninka!"

Waziri Cindo ya bari suka gama, sannan ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, doka ta yi kyau. Amma wane ne baƙo?"

Sarki ya dubi malamai. Ɗaya ya ce baƙo shi ne wanda aka haifa a bayan ganuwa. Wani ya ce in haka ne rabin fadawan nan baƙi ne, har da mai maganar. Aka yi ta ja har rana ta take. Can wani bafade mai son a san da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya kawo wahala? Harshe ba ya ɓuya. A sa mutum ya ce ni ɗan ƙasa ne. In ya faɗa daidai namu ne, in harshensa ya karkace baƙo ne." Sarki ya gaji, ga shi yana ɗokin a fara, sai ya ce a yi haka. Waziri ya sunkuyar da kai.

To, attajiran fatake ba yara ba ne. Akwai wani dillali a birnin, Mantau, haifaffen gari tun kaka da kakanni, harshensa tas. Sai suka riƙa zuwa gaban alƙali suna cewa sun sayar masa da gidajensu, shi kuma ya daki ƙirji ya ce shi ɗan ƙasa ne, a shaida. Mabuɗi dai na aljihun mai shi na da, Mantau na cin ladan aron suna. Gidaje suka ci gaba da zama a kulle, tsada ba ta ragu ko kaɗan ba. Waɗanda dokar ta kama su ne marasa gata.

A cikinsu akwai wata tsohuwa a Unguwar Masaƙa, ana ce mata Iya Yakura. Tun tana amarya mijinta ya zo da ita daga ƙasashen gabas, yana ɗan cinikin kanwa. Suka sayi gida mai ɗaki biyu da zaure, lokacin gida bai zama abin gasa ba. Nan ta haihu, nan aka binne cibiyar 'ya'yanta, Allah bai raya mata ko ɗaya ba, daga baya mijin ma ya bi su. Hausa kam ta ji ta har da zaurance, amma harshenta ya ƙi lanƙwasuwa, ƙa da ɗa sun gagare ta har tsufa. Gidanta na tsakanin gidaje biyu na wani attajirin goro, shi kuwa yana so ya fasa katanga ya haɗe su ya yi babban wurin ajiya. Sai ya sa Mantau ya kai ƙararta fada.

Aka kawo ta tana dogara sanda. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Sarkin dogarai ya ce, "Iya, abu ɗaya za ki faɗa ki koma gida. Ce ni 'yar ƙasa ce."

Ta gyara murya, ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce, "Ni yar kasa ce."

Fada ta kwashe da dariya, don kasa sunan macijiyar nan ne mai yawan barci. Wani ya ce, "A matsa mata, kada ta yi sara!" Mantau har da riƙe ciki. Tsohuwa ta sake gwadawa, abin ya sake fitowa yadda ya fito. Sai ta daina, ta dubi Sarki idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ranka ya dade, in na sayar ina za ni? Garin da aka haife ni, ko hanyarsa na manta. Wadanda suka san ni a can duk sun mutu. Nawa matattun kuma a nan suke."

Maganar ta soki Sarki, amma doka daga bakinsa ta fito, ga jama'a na kallo. Yana shirin yanke hukunci sai Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da shaida a kan matar nan, sai dai shaidar tawa ba ta fitowa sai an yi ruwa mai yawa. A jinkirta mini zuwa lokacin."

Sarki ya ce, "Wace irin shaida ce wannan, kwaɗo?"

Ya ce, "In ta fito, Zaki zai gan ta da idonsa."

Sarki ya yarda, don shi ma hanyar tsira yake nema. Aka sallami tsohuwa, Mantau ya bi ta da cewa ta dai fara ɗaure kaya.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwana yana zuba. Gari na wayewa Waziri ya zo da tsofaffin riguna biyu, shi da Sarki suka sa, suka ja rawani suka rufe fuska, suka fita ta ƙofar baya su biyu kawai. Suka yi ta tsallaka taɓo har Unguwar Masaƙa, suka raɓe gindin wata katanga, yayyafi na dukansu.

A wancan zamani wuta aba ce da ake riritawa. Mace kan binne garwashi cikin toka ya kai mata safe, in ya mutu ta ɗauki kasko ko tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Ran da aka yi ruwa irin wannan kuwa, murhu ya jiƙe, itace ya jiƙe, unguwa kan tashi ba wuta.

Sarki na tsaye yana rawar ɗari sai ya ga mata sun fara fitowa, kowace da kaskonta. Suka wuce ƙofar farko mai kwaɗo, ba wadda ta ko dube ta. Suka wuce ta biyu. Duk suka nufi wani ɗan zaure da hayaƙi ke fita ta samansa, ba sallama mai tsawo, sai dai ka ji, "Iya, mun zo." Su fito suna kare garwashi da gefen mayafi.

Sarki ya tsai da wata mai goyo ya ce, "Baiwar Allah, ga gida nan kusa da naki, me ya sa ba ki ɗebi wuta a can ba?"

Ta ce, "Wanne, wancan? Ai gidan baƙi ne, malam."

"Na ji an ce na Mantau ne, ɗan gari."

Ta taɓe baki. "Ko na wa ne, mu dai ba mu taɓa ganin hayaƙinsa ba. Katangarsa ce kawai muka sani, ita ta rushe mana ɗakin girki bara."

"Wannan da kuke shiga fa?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Gidan Iya ne mana. Kai daga ina kake?" Ta wuce tana hura wutarta.

Suka matsa kusa da zauren. Tsohuwa na zaune gaban wani gungumen kirya da ke ci a hankali cikin toka, a bayanta ga tabarma a naɗe da ƙullin kaya, ta riga ta ɗaure. Tana zuba wa wata garwashi tana cewa, "Tabawa, in na tafi ke za ki dauki gungumen nan. Kada ki bar shi a sarari, ki rufe da toka, ki bar masa dan wurin numfashi. In ba haka ba ran da aka yi ruwa yara za su wuni ba koko." Matar ta fita tana share ido.

Can tsohuwa ta hango mutum biyu a jiƙe suna kyarma. Idonta ya yi rauni, ba ta gane su ba. Ta ce, "Kai, bayin Allah, a ruwa kuke tsaye? Ku shigo ku ji dumi." Ta jawo musu buzu, ta tura wa Sarki kaskon wuta gaban ƙafarsa, ta ce, "Matso sosai, bako. Daga gani ba ka san unguwar nan ba."

Sarki ya miƙa hannu kan wutar, kunya ta rufe shi. Suka ɗan zauna, suka yi godiya, suka tashi. Suka kama hanyar fada. A bakin ƙofa Sarki ya ce, "Waziri, ta yi gaskiya. Ban san unguwar ba."

Kashegari aka tara fada, aka kira Mantau da Iya Yakura da matan Unguwar Masaƙa. Sarki ya ce, "Mantau, gidajen nan duk naka ne?"

Ya ce, "Nawa ne, Allah ya ba ka nasara. Ni ɗan ƙasa ne." Ya ƙara ƙarfin ƙa ɗin don kowa ya ji.

"Madalla. Kawo mini mace ɗaya da ta taɓa ɗiban wuta a ɗaya daga cikinsu."

Mantau ya dubi mata, mata suka dube shi. Waziri ya ce, "In wannan ya yi wuya, kawo mabuɗan mu je mu ga murhun." Nan gumi ya karyo masa. Ya faɗi yana neman gafara, ya lissafa masu gidajen na ainihi ɗaya bayan ɗaya.

Sarki ya ce, "Na kafa doka a kan harshe, na cuci wadda ba ta ci mini ba, na bar waɗanda na nufa. Na janye ta. Daga yau, ko daga bangon duniya mutum ya fito, in zai zauna ya hura wuta maƙwabta su ɗiba, ya sayi gida. Gidan da damina ta shiga ta fita ba a ga hayaƙinsa ba kuwa, ko na ɗan Sarki ne, za a buɗe shi, magina su yi masa ƙima ta gaskiya, a ba mai shi hakkinsa, a sayar wa wanda zai zauna. Fatake su koma wa masu masauki kamar da, ba mai taɓa musu kaya." Aka raba Mantau da dillanci, aka sa shi gyara katangun da suka rushe.

Sannan Sarki ya juya ga tsohuwa ya ce, "Iya, ran nan kin faɗi wata magana aka yi dariya. Sake faɗa mini."

Ta ji muryar, ta ɗaga kai, ta gane wanda ta tura wa kasko.  A hankali ta ce, "Ni yar kasa ce."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Sarki ya ce, "Haka ne, Iya. Je ki kwance kayanki."

Kafin kaka aka ɓalle kwaɗunan nan, masu bukkoki suka dawo cikin ganuwa, gida ya sauko inda hannun masaƙi zai kai. Gidan da ke jikin na Iya Yakura wani saurayi ya samu, wanda shi da amaryarsa suka daɗe a bayan zana. Ran da suka tare, amarya ta tarar da murhun da bai taɓa ganin toka ba. Ta ɗauki kasko ta fita, ba ta tambayi kowa hanya ba.