Gambar Iyakar Gonar Danda

Akwai wani manomi a Urafane, ana ce masa Danda. A shekarun farko na 'yancin kai gyaɗa ta yi daraja, sai ya shuke gonar gadonsa kaf da ita, har wurin da tumakinsa ke kiwo bai bari ba. Abin da ya rage kawai layin gamba, doguwar ciyawar nan da mahaifinsa ya dasa a iyakar gabas don ta tare iska.

Da ruwan fari ya sauka gamba ta yi toho, sai Danda ya kafa turaku ya ɗaure tumaki a kanta. Su cinye, ta sake tohowa, su sake cinyewa.

Ƙanen mahaifinsa, Baba Manzo, ya iske shi a gona.

"Ɗana, ɗauke bisashen nan sai gambar ta kai gwiwa. Gamba ma tana da rumbunta, a saiwa yake. Tohon fari da ajiya take yin shi. In ba ka bar ganye ya sha rana ya mayar mata ba, da mi za ta tashi baɗi?"

Danda ya kwashe da dariya. "Haba Baba, ciyawa ce fa! Tun ina yaro ake yankan ta ana zana, ba ta mutu ba."

"Da kaka ake yanka, bayan ta cika rumbu."

Ina! Ko a jikinsa. Damina biyu yana haka. A ta uku aka yi ruwa, gamba shiru. Ya sa ƙafa ya taɓa gindi ɗaya, sai ya tuge, saiwar ta bushe ƙayau.

Gyaɗarsa na 'yar ganye huɗu hadari ya taso daga gabas, iska ta kwaso rairayi, babu abin da ya tare ta. Ta binne shukar har tsakiyar gona. Ta Baba Manzo kuwa, da ke bayan gambarsa, tana nan kore shar.

Danda ya zauna a bakin kunya, wallahi sai da ya yi hawaye, don irinsa duk yana ƙarƙashin rairayin nan.

Da la'asar Baba Manzo ya zo da ƙwaryar iri da saiwoyin gamba da ya ɓaro daga tasa. Ya ajiye a gabansa.

"Dasa. Wannan karon ka bari ta ci kafin a ci ta."

Darasi: Duk abin da ke ciyar da kai, ka ba shi lokacin da zai ciyar da kansa. Ku tura wa manoma da makiyayan da kuka sani, ko wani ya ɗauke turkensa da wuri.