Tsohon da Ke Zuwa Aski Ba Gashi

Akwai wani mai aski da ya tashi a hannun iyayen riƙo. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa ya fi rezarsa kaifi.

Duk Talata wani tsoho mai sanƙo kan zo ya zauna a kujerarsa. Kai tal kamar ƙwai, me za a aske? Kowa na lumshe ido in ana masa aski, shi kuwa tsohon nan sai ya kafe shi da ido ta madubi, ko ƙiftawa ba ya yi.

Kallon ya fara sa tsigar jikin mai askin tashi. Wata Talata ya fizge ƙyallen wuyan tsohon a gaban mutane.

"Baba, in maita ce, kai ta gaba. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Tsohon ya ce, "To, ɗana," ya fita a hankali.

Shi kuwa mai askin ya daɗe yana son sanin mahaifinsa, har ya aika yawunsa gwajin DNA na gano dangi. Da sakamako ya fito, sai ga wata mata: yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya je gidanta. Tana buɗe ƙofa ta ja da baya, ta ce, "Juya in ga ƙeyarka."

Ya juya. Ta taɓa wani baƙin tabo a wurin, ta fashe da kuka. "Irin na Baba ne sak."

Mai aski ya san ƙeyar kowa ban da tasa, kuma ya san kan da yake ganin tabon nan duk Talata. Ga hoton tsohon a bango, yana kallonsa.

Yayar ta ce, "Wajen haihuwarka Mama ta rasu, ciwo ya kwantar da Baba, aka ba da kai riƙo. Duk mako sai ya ce zai je aski, mu yi ta dariya. Wata Talata ya dawo da wuri, ya kwanta, bai tashi ba."

Har yau mai askin ba ya zaunar da kowa a kujerar nan ranar Talata. Ya ce ko ya juya ta wajen ƙofa, sai ya tarar da ita tana fuskantar madubi.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ba ka san abin da ya kawo shi ba, wataƙila shi ne wanda kake nema. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.