Mutumin da Ya Bar Karensa Ya Zaɓi Abinci

Akwai wani mutum mai gida, yana da mata da 'ya guda mai rarrafe, sunanta Keziya. Yana kuma da wani baƙin kare da yake kira Barsu. Tun karen yana ɗan kwikwiyo ya rene shi, yana ƙaunarsa ƙwarai. In ya tafi gona Barsu na gabansa, in ya zauna Barsu na kwance a ƙafafunsa.

Wata rana mutumin ya ce a ransa, "Ragowar tuwo ba ta isar wannan kare. Bari in sayo masa abincin karnuka na buhu, irin wanda ake sayarwa a gari." Sai ya tashi ya tafi kasuwa, karen na biye da shi.

Ya tarar da masu sayarwa biyu. Ta fari wata dattijuwa ce, buhunanta a buɗe, ba su da wani ado. Ta ce masa, "Ɗana, zura hannunka har ƙasa ka ɗebo ka duba. Masara ce busasshiya da kifi da waken soya. Ga kuma ranar da aka haɗa shi a rubuce."

Na biyun wani mutum ne mai fara'a, buhunansa suna ƙyalli, da hoton ƙaton kare a jiki, bakinsu kuwa a ɗinke. Ya ce, "Maigida, nawa ba a buɗewa sai an saya. Amma ga ɗanɗano." Ya watsa kaɗan a ƙasa, sai ƙanshin romo ya tashi.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ai mai ci shi ya san abin da yake so. Bari Barsu ya zaɓa." Karen ya shinshina na dattijuwar, ya wuce. Ya kai ga mai ƙanshin, ya lashe tas. Mutumin ya sayi buhu mai ƙyalli ya koma gida da murna.

Kowace safiya yakan ɗebo wa karen kwano guda daga buhun, ya zuba masa a kasko a tsakar gida. Karen kuwa yana ci yana kaɗa wutsiya.

Bayan mako uku Barsu ya daina bin ubangidansa gona. Ya soma amai. Farin idonsa ya koma rawaya, ƙafafunsa na baya suna karkarwa. Duk da haka in an zuba abincin yakan ja jiki ya ci. Ran nan da hantsi mutumin ya kira shi, karen ya ɗaga kai, ya kasa tashi. Tsoro ya kama mutumin. Ya ɗauke shi a hannu, ya kai shi wurin likitan dabbobi.

Likitan ya duba idon karen da dasashinsa, ya ce, "Me kake ba shi? Je ka kawo mini buhun."

Da aka kawo, likitan ya juye shi a kan siminti. Na sama ya zubo da kyan gani. Na ƙasa kuwa ya faɗo a dunƙule, kore da baƙi, fumfuna ta cinye shi. Likitan ya ce, "Ruɓaɓɓiyar masara aka niƙa, aka zuba mata mai don ƙanshi. Gubarta ba ta da ɗaci, hanta take ci a hankali. Ka daɗe kana ba shi."

Mutumin ya ce, "Likita, zai tashi?"

Likitan ya ce, "Ban sani ba. Amma gaya mini, a ina kake ajiye kaskonsa? Akwai ƙaramin yaro a gidan?"

Nan take mutumin ya gane nufin likitan. Ya tuna sau nawa ya ga Keziya ta rarrafa har bakin kaskon, ta damƙo abin da ke ciki ta nufi baki da shi, shi kuwa yana dariya yana karɓewa. Ya bar karen a nan, ya sheƙa gida a guje. Ya tarar da matarsa tana wanki, yarinyar na zaune kusa da kaskon, hannunta a dunƙule. Ya buɗe 'yan yatsunta, ga ƙwayar abincin karen guda biyu.

Matar ta ce, "Baban Keziya, lafiya ka shigo a guje haka?"

Ya ce, "Ɗauko zanen goyo. Asibiti za mu."

Aka auna yarinyar, aka tarar abin da ta haɗiya bai kai ya yi mata lahani ba. Barsu kuwa a rana ta uku ya mutu, kansa a kan tafin ubangidansa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: abincin shi ne duk abin da muke zuba wa zuciyarmu, koyarwar da muke saurara, da abin da muke kallo a waya, da hirar da muke zama a cikinta. Karen shi ne sha'awarmu, ƙanshi kawai take bi, ba ta san guba ba. Mai buhu a ɗinke shi ne duk mai koyarwar da yake fushi in an ce a gwada maganarsa da Maganar Allah. Gaskiya ba ta jin tsoron a bincika ta.

Ku lura, mutumin nan bai ƙi karensa ba. Da ƙauna ya kashe shi, kwano ɗaya kowace safiya, domin bai duba ba. Zunubi ma haka yake, ba ya kayar da mutum ranar farko.

Ku iyaye, da mu masu koyarwa, mu ji tsoro. Abin da ka shigo da shi gida don kanka, ba kai kaɗai kake ci ba. Akwai ƙananan hannuwa a kusa, ba sa kuma tambaya. In kun koma gida yau, ku buɗe tafin 'ya'yanku ku ga abin da suka damƙo daga gare ku, tun da sauran lokaci.